Tasalla da Goyon Ruwa

Dalilin da ya sa ruwan da ke tsatsafowa a murfin tukunya ba shi da gishiri, ko da miyar ta sha gishiri har ta gaji, ku masu lasar murfi ku matso ku ji.

A da can, Ruwa goye yake da ƙanensa Gishiri, don Gishiri ba shi da ƙafa. Ko tururi ya zama, da goyonsa yake tashi.

A wani gari na fadama, wata shekara rijiyoyi duk suka koma zartsi. A shekarar ne Kande, 'yar wata tsohuwa mai suna Tasalla, ta haihu. Mai jego ta sha zartsi har nononta ya ƙafe, jariri ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Tsoro ya kama Tasalla, amma ba irin matan da ke naɗe hannu ba ce.

Da safe ta ɗora tukunyar wankan jego, ta durƙusa a bakin murhu. Ta ce, "Ruwa abokin aiki, roƙo na zo yi. Sauke goyonka, 'yata ta sha ka kai kaɗai."

Ruwa ya ce, "Iya, in na sauke shi, wa zai riƙe min shi? Zubar da shi za ku yi."

Ta ce, "Ni zan riƙe shi. Daga yau ba tukunyar miyar da za a sauke ba tare da shi ba."

Gishiri ya ji zancen miya, nan take ya ce shi dama ya gaji da yawo.

Ruwa ya ce, "Saura ɗaya, Iya. Sai wuta ta ɗaga ni zan iya barinsa a ƙasa. Kuma in na tashi ba nauyi a bayana, sai gajimare. Ba za ki ƙara ganina ba."

Kai, na so a ce kun ga tsohuwar nan. Ba ta yi musu ba. Ta sa ƙoƙo a tsakiyar tukunya, ta rufe bakin tukunyar da kasko, ta cika kaskon da ruwan randa mai sanyi, sannan ta iza wuta. Ruwa ya tashi zai wuce, sai ya ci karo da sanyi. Ya zauna hutawa a gindin kasko, ya riƙa ɗiga cikin ƙoƙo.

Tasalla ta ɗanɗana, ta ji garɗi. Ta kai wa Kande, ta dawo ta sake ɗorawa, har hayaƙi ya mai da idanunta jawur. Ba a daɗe ba nono ya kawo. Ran da jariri ya tsala kuka da ƙarfi, tsohuwa ma ta yi nata don murna.

Da tukunya ta ƙone, ga Gishiri kwance fari fat. Alkawari kaya ne, ta kankare shi ta kai shi miya.

Shi ya sa har yau Ruwa ke barin ƙanensa a gindin tukunya, ya hau murfi shi kaɗai. Mu kuma jikokin jaririn nan muna nan muna riƙe masa goyo, kullum sai mun sa shi a miya.