Ɓarakar da Hambali Ya Toshe

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari, tun intanet bai zama ruwan dare ba. Hambali sunansa. Ku saurara, har ku na baya masu latsa waya, yau zancen gidanku ake yi.

Hambali ya haɗa wata 'yar manhaja, irin wadda ke zaune cikin kwamfuta tana miƙo maka shafin intanet idan ka nema. Ya bar ta a buɗe kamar rijiyar bakin hanya, kowa ya ɗiba, kowa ya gyara, kyauta. Burinsa ɗaya, jama'a su karɓe ta. Shekaru suka yi ta tafiya, masu aiki da ita ba su wuce wani ƙaramin asibiti da makarantu kaɗan ba.

Sai abokin aikinsa Tanimu ya kwafe ta, don ƙa'idar abin ta yarda, ya yi mata kwalliya, ya raɗa mata sabon suna. Zo ka ga rububi! Kowa sai ta Tanimu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin ya yi wa Hambali ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Wata rana yana duba aikin Tanimu, sai ya ga ɓaraka, ƙofar da ɓarawo zai bi ya kwashe sirrin mutane. Ta Hambali ba ta da ita, garin kwalliya aka buɗe ta. Hambali ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya shiga ɗaki, ya fito. Ya zuba shayi, ya bar shi ya huce. Zuciya tana ce masa, "Yi shiru kurum, ɓarayi su yi maka aikin. Kowa zai dawo wajenka."

Matarsa Ladidi ta ce, "Malam, lafiya kake ta safa da marwa?"

Ya gaya mata.

Ta ce, "To in ɓarayin sun shiga, Tanimu za su yi wa sata?"

Can ya ce, "A'a. Mutanen da suka amince masa."

Ya zauna ya haɗa gyaran, ya kira Tanimu shi kaɗai. "Toshe nan kafin wani ya gani."

Tanimu ya ce, "Yaya Hambali, ka san da wannan za ka iya binne ni?"

"Na sani. Yi sauri, kafin zuciyata ta sake magana."

Kuna jira in ce daga nan tasa ta bunƙasa? Ba ta bunƙasa ba. Ta Tanimu ce ta ƙara ƙarfi. Mutane da yawa asirinsu ya rufu, ko sunan Hambali ba su taɓa ji ba. Amma Allah ya ji.

Jama'a, alheri na gaske shi ne wanda ka yi kana sane kai zai rage wa kasuwa. Kai tela, kai mai kanti, wanda ya kwashe maka masu ciniki, in ka ga ya tafi ya bar ƙofarsa a buɗe, kiransa kake yi, ko kawar da kai? Kada ka ba ni amsa, ka ba wa kanka. Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.