Wa Ke Sauya Hoton Manjo?

Akwai wani tsohon soja a wani gari na gindin dutse a Bulgeriya, ana ce masa Manjo Stoimen. Shekara talatin da huɗu ya yi cikin kaki. Matarsa ta rasu 'yarsu Ralitsa tana shekara shida. Bai sake aure ba, shi ya rene ta har ta zama lauya a Sofiya.

Da ya rasu, Ralitsa ta yi abin da kowa ke yi a ƙasar. Ta buga takardun sanarwar rasuwa, ta manna a ƙofar gida, da bishiyar gaban coci, da tashar mota. Hoton kaki ta zaɓa, ƙirji cike da lambobin yabo, fuska ba wasa.

Washegari ta tarar an manna wata takardar a kan ta ƙofar gida. Sunan ubanta ne, amma babu "Manjo". Hoton kuwa tsoho ne dishi-dishi, mutum a durƙushe da ƙyallen girki ɗaure a ƙugu. Ko kallo na biyu ba ta yi masa ba, ta yage.

Bayan kwana uku aka sake. Ta sake yagewa.

Ba ta sha wahalar neman mai laifi ba, don dama tana da shi a ajiye. Kawu Grozdan ne, maƙwabcinsu, tsohon akawun bariki.

Tun tana budurwa abu ɗaya ke cin ta a rai: sa'o'in ubanta sun zama kanar-kanar, shi ya tsufa yana Manjo. A wancan zamanin, takarda ɗaya daga hannun ɗan tsegumi ta isa ta binne mutum da ransa. To wa ke zaune gaban injin buga takardu a barikin? Grozdan. Wa ke shigowa gidansu kullum da yamma, wai wasan dara, yana jin duk abin da ake faɗa? Grozdan.

Ta taɓa gaya wa ubanta. Dariya ya yi, ya ce, "Grozdan? Mutumin da ko a dara bai iya ha'inci ba?" Ita dai tun daga lokacin ta ɗauke wa Grozdan gaisuwa. Ranar jana'iza ya matso zai yi mata magana, ta juya masa ƙeya.

Sai ta shiga sa ido. In tsohon ya fito ban ruwan tumatir, leƙen asiri ne. In ya yi tari, da wata manufa. Da ta hango tukunyar gam a tagarsa kuwa, ai shari'a ta ƙare. Kun san lauya in ta riga ta yanke hukunci, shaida ado ce kawai.

Ranar cika kwana arba'in aka taru a kabari. Limamin coci ya yi addu'a, aka zuba ruwa da ruwan inabi a kan ƙasar, aka fara raba dafaffiyar alkama da sukari. Grozdan ya miƙo hannu. Ralitsa ta janye kwanon.

"Ba za ka ci alkamar ubana ba," in ji ta, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ka hana shi girma yana raye, yanzu ya mutu kana bin ƙofa kana tuɓe masa kaki. Ka ce ba kai ba ne!"



"Ni ne," in ji tsohon. "Sau bakwai na manna, sau bakwai kika yage. Gam ɗina har ya ƙare, 'yar nan."

"Ko kunya ba ka ji?"

"Kunyar me? Aike na cika. Ubanki yana kwance a asibiti ya ba ni hoton, ya ce, 'Ralitsa na kaki za ta sa, na san halina. Kai ka sa mini wannan.' Na zo in gaya miki, kika ba ni ƙeya. Ke dai kin taɓa tsayawa kin duba shi kuwa?"

Ya zaro takarda ta ƙarshe daga aljihu, ya miƙa mata.

Wannan karon ta duba. Ubanta ne a durƙushe, mataji a baki. A gabansa wata 'yar yarinya ce zaune kan kujera cikin kayan makaranta, ya kama gashinta da manyan yatsunsa yana yi mata kitso, duk ya karkace. Ita ce. Ranar farko ta shiga aji ɗaya.

"Maganar ƙarin girma kuma," in ji Grozdan, "sau biyu aka ba shi. Sharaɗin shi ne ya koma kan iyaka, inda babu makaranta, ke kuma a kai ki gidan renon 'ya'yan sojoji. Sau biyu ya ce a'a. Ni na buga masa takardun ƙin karɓar da hannuna, ina ce masa mahaukaci. Ya sa na rantse ba za ki ji ba, don kada ki ɗauka ke kika tare masa hanya. Shekara ashirin ina shan harararki saboda rantsuwar nan. Yau na karya ta, ya yafe mini."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Ralitsa, ta fashe da kuka irin wanda ko ranar jana'iza ba ta yi ba. Da kyar ta miƙa masa kwanon da hannu biyu.

"Kawu, ka ci. Don Allah ka ci."

Ya ɗebi cokali ɗaya, ya tauna, ya ce, "Sukari ya yi yawa. Ubanki ma haka ya saba lalata ta."

Da yamma ita da kanta ta manna hoton a ƙofar gida. Ba ta ƙara "Manjo" ba. A ƙasa ta rubuta da biro: Babana.

Darasi: Zargi yana rufe ido har mutum ya yage hotonsa da hannunsa bai gane kansa ba. Kafin ka yanke wa wani hukunci, tsaya ka saurare shi. Kuma ka sani akwai abin da iyayenka suka bari saboda kai wanda ba za su taɓa faɗa maka ba. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya tuna maƙwabcin da ya daina gaisarwa.