Gidan Kwalin Auta

Akwai wani saurayi da kowa a gidansu ke kira Auta, ko da yake gemu ya riga ya cika masa fuska. Neman na kai ya jefa shi wata ƙasa mai nisa, ya samu aiki a maɗaba'a, yana yankan takarda da kwali. Shekaru suka ja, takardunsa na zama ba su fito ba, kuma in ya fita ba lallai a bar shi ya dawo ba. Don haka shi da gida sai a waya.

Ɗaki ɗaya suke haya da wani dattijo mai girki a otal, wanda ake ce wa Baba Kuku. Gado biyu, tebur ɗaya, da tagar da ba ta kallon komai sai bangon wani bene.

A hanyarsa ta zuwa aiki akwai shagon da ake sayar da 'yan ƙananan jiragen ƙasa na wasa, da gidaje da gadojin da ba su fi tafin hannu ba. Kullum sai ya tsaya ya manna fuska a gilashi. Da mai shagon ya gaji da goge tabon hancinsa, sai ya gayyace shi ƙungiyarsu. Tsofaffi ne da ke haɗuwa ranar hutu a bayan shagon, kowa da tabarau a karan hanci, suna gina 'yan garuruwa da kwali da gam. Mutum zai ɓata wata guda yana fentin turken fitila ɗaya, kuma a tafa masa.

Abin ya shiga ran Auta. Ya riƙa kwaso guntayen kwalin da ake zubarwa a wurin aiki. Ya sayi hantsaki, da reza, da siririn burushi. Teburin ɗakin ya koma nasa shi kaɗai.

"Ƙato da kai kana wasan yara," in ji Baba Kuku. "Matsar mini da garin nan naka in ajiye kwano."

Ana nan sai ƙungiya ta sa ranar baje kolin ayyukanta. Wani ya ce tashar jirgi zai gina, wani ya ce gada. Auta ya ce shi gidan da aka haife shi zai gina, komai da komai, yadda yake.

Da ya zauna zai zana, sai ya kasa ci gaba. Tagar ɗakin Umma, hagu take da famfo ko dama? Ya rufe ido ya nema, bai samu ba. Ashe gidan zamewa yake daga kansa kaɗan-kaɗan bai sani ba. Nan take ya kira mahaifiyarsa.

"Tagar?" in ji Umma, muryarta cike da murna. "Ai babanka ne ya sa ta, shekarar da ka yi ƙyanda. Kafintan kuwa wani mai surutu ne, ya zo da safe ya ce..."

"Umma, hagu ko dama?"

"Dama."

"Launinta fa?"

"Kore. To shi kafintan nan..."

"Yauwa. Zan sake kira."

Haka abin ya ɗore. Da can sai ya yi sati bai kira ba, yanzu kusan kullum ne. Faɗin ƙofa, tsawon dakali, inda igiyar shanya ta ratsa. Umma ta ɗauko labari, ya katse. Ta sake ɗaukowa, ya katse.

"Ka bar tsohuwa ta ƙarasa zancenta mana," in ji Baba Kuku.

"Baba, in na bar ta, har gam ɗina ya bushe ba ta iso ƙofar ba."

A hankali Umma ta daina ɗauko labari. Yana tambaya take ba shi amsa, gajera, a shirye. Auta har da yabo: "Ka gani ko? Umma ta gane aikin."

Wata safiya kafin ya fita aiki ya tambaye ta hujin shan iska da ke saman ƙofar sito, guda nawa ne. Ta ce za ta duba. Washegari ya kira, ba a ɗauka ba. Rana ta gaba ma haka. Sai ga kiran Yaya, babbar yayarsa, wadda ke aure a wata unguwa.

Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. "Auta, wai sayar da gidan nan za ka yi ne?"

"Wane irin sayarwa kuma, Yaya?"

"To awon na mene ne? Umma ta faɗo daga kan kujera. Wuyan hannunta ya karye, an ɗaure."

"Innalillahi! Me ya kai ta kan kujera?"

"Kai ka kai ta. Huji take ƙirga maka. Tun da ka fara abin nan, da igiya take yawo cikin gida, tana awo tana ƙullawa. Na ce ta jira in zo in auna, ta ƙi. Wai in ka kira ba ta da amsa, kashe wayar za ka yi. Wai yanzu ne ta samu kana kiranta, ba za ta yi sake ba. Ta ma ce kada a faɗa maka."

Auta ya zauna a bakin gado. Ga gidan a kan tebur. Ga famfo, ga dakali, ga koriyar taga, har da 'yan tufafin da ya yanka ya shanya a zare. Gida ya yi kyau ƙwarai, amma babu kowa a cikinsa.

Baba Kuku, da ya ji komai, ya ci gaba da ɗaura takalminsa. Bai ɗago kai ba ya ce, "Tawa uwar ina nan ina soya wa baƙi dankali ta rasu. Gidanmu yana nan daram, ko bulo ɗaya bai faɗi ba. In na koma, da bango zan yi hira?"

Ya fita ya ja ƙofa a hankali.

Auta ya kira Umma. Wannan karon ta ɗauka.

"Auta, ban gama ƙirga hujin ba, amma..."

"Umma, ki bar hujin nan. Yaya hannun?"

"Wa ya faɗa maka? Wannan yayar taka bakinta ba ya rufuwa!"

"Ki yafe mini, Umma."

"Me ka yi? Kujerar ce ta tsufa. To, yau me za a auna?"

"Babu komai. Hira kawai na kira."

Can sai ya ji ta gyara zama. Ta fara da likitan da ya ɗaure ta, wai yaro ne ƙarami mai hannu kamar auduga. Ta wuce kan kyanwar maƙwabta da ta haihu a ƙarƙashin gadonta. Ta yi dariya, ta yi tari, ta yi faɗa da wani da ya bar ƙofa a buɗe. Lokacin aiki ya yi ya wuce, Auta yana zaune hawaye na bin gemunsa, bai katse ta ba.

Daga ƙarshe ta ce, "Auta, yaushe za ka zo?"

"Ban sani ba, Umma. Wallahi ban sani ba."

"To shi ke nan, Allah ya kawo ranar. Amma ka riƙa kira irin na yau. In ba ka sauri, sai in ji kamar a ɗakin nan na kusa kake, in na ɗaga murya za ka leƙo."

Ranar baje koli ta zo aikinsa bai kammala ba, wani tsoho mai gada ne ya ci kyauta. Auta bai daina sha'awarsa ba, kuma har yau takardun ba su fito ba. Sai dai yanzu duk ranar hutu wayar tana jingine da kwalbar gam, Umma tana zuba, shi yana yanka kwali yana cewa, "Sai aka yi yaya, Umma?"

Darasi: Kewar gida ba kewar bango da taga ba ce, kewar mutanen da ke cikinsa ce. Kada abin da kake ƙauna ya sa ka katse maganar wanda ke ƙaunarka. In kana da tsohuwa ko tsoho a raye, kira su yau, ba don wata buƙata ba, ka bar su su ƙarasa zancensu. Ku tura wa ɗan'uwa da ke nesa da gida wannan labari, wataƙila akwai uwar da ke zaune tana jiran wayarta ta yi ƙara.