Lauyan Baba Alhaji

"Shi lauyan da ya rubuta muku takardar gidan, naku ne ko na mai sayarwa?"

Akwai wata matashiyar matar aure a Unguwar Shanu mai suna Zuwaira. Ita ce wannan tambaya ta faɗo wa a kunne, alhali ba ita aka yi wa ba. Tana zaune a kan benci a asibitin awon ciki, bayan gama yaƙin basasa da shekara ɗaya da wani abu. Mata biyu ne a gabanta, da ganin leshin jikinsu ka san matan manyan ma'aikata ne na Unguwar Rimi.

Wadda aka tambaya ta ce, "Yo lauya ba lauya ba ne?"

"Ina! Kowa ya ci ladan kuturu ai shi zai yi masa aski. Mu kam sai da maigidan ya ɗauki nasa lauyan, aka je ofishin filaye aka ga sunan da ke kan gidan, sannan ya fitar da ko kwabo."

Daga nan aka kira su suka shiga. Zuwaira ta zauna da maganar a zuciyarta.

Karatunta bai wuce aji huɗu na firamare ba. Mace ce mai kunya, in ana hira ita ce mai saurare. Amma maganar ta taɓa ta, don a makon nan mijinta Ja'afaru yake shirin sayen gida.

Ja'afaru akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati. A ɗaki ɗaya suke haya, gida mai yawa, banɗaki sai an bi layi. Burinsa ya mallaki gida ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Turai, daga Rigachikun, ta huta da noma a tsufanta. Saboda wannan buri Inna ta sayar da gonar da mijinta ya rasu ya bar mata, ta haɗa masa da abin da ya tara.

Mai sayar da gidan kuwa ba baƙo ba ne. Alhaji Labaran ne, aminin mahaifin Ja'afaru. Shi ya tsaya masa har ya gama makaranta, shi ya yi masa hanyar aiki. Baba Alhaji suke ce masa.

Ranar wata Juma'a Ja'afaru ya kai Zuwaira ta ga gidan, can wajen da Unguwar Shanu ta haɗu da Abakwa. Ɗaki uku ne, rufin kwano, ga rijiya a tsakar gida, ga shuwaka an dasa ta a jere ta bayan madafi. Zuwaira ta ji gidan ya kwanta mata a rai.

Sai dai a babban ɗakin, sama da ƙofa, ta ga wani wuri da fentinsa ya fi na sauran bangon haske. Siffar gicciye ce, ga ƙusar da aka rataye shi har yanzu tana nan. Ta duba, ta kawar da kai.

Da la'asar ta kawo masa abinci, ta durƙusa a gefe tana wasa da bakin zanenta.

"Malam, in yi tambaya?"

"Allah ya sa ba ta cefane ba ce."

"Shi lauyan da zai rubuta mana takarda, namu ne ko na Baba Alhaji?"

Ja'afaru ya tsaya da loma a hannu, sannan ya tuntsire da dariya.

"Iye! Lauya Zuwaira! A ina kika samo wannan?"

"A wajen awo na ji wata tana faɗa."

"Au, yanzu har shari'a ake koyarwa a wajen awo? To lauyan Baba Alhaji ne, a Ingila ya yi karatu, kuma ko sisi ba zai karɓa a hannunmu ba. Ga na kyauta, in je in biya wani?"

"Ta ce wai ana zuwa ofishin filaye a ga sunan mai gida." Muryarta ta yi ƙasa. "Malam, Baba Alhaji ya taɓa zama a gidan?"

"Haya yake karɓa tun lokacin rikici, da masu shi suka tafi. Ya ce sun bar masa." Ya ture kwanon. "Ke, ni da nake wuni cikin takardun gwamnati, ke za ki koya mini takarda? Maganar nan ta tsaya a nan."

"To, Malam. Allah ya ba ka haƙuri."

Ranar ciniki aka taru a zauren Alhaji Labaran. Zuwaira da Inna Turai suna tsakar gida a kan tabarma, bango ɗaya ne tsakaninsu da mazan. Inna kunnenta ya yi nauyi, tana ta hira da matar gidan. Zuwaira kuwa duk abin da ake faɗa a zaure tana ji.

Lauya ya karanta takarda da Turanci. Ya kai ƙarshe. Sai ta ji mijinta ya gyara murya.

"Baba, ita tsohuwar takardar gidan, ko za a..."

"Ja'afaru." Muryar Alhaji ba ta tashi sama ba. "Ni na raɗa maka suna a kunne. Ni na sa ubanka a kabari da hannuna. Yau ni za ka tambaya takarda a gaban mutane?"

Zuwaira ta kasa kunne. Ashe maganarta ta shige shi. Ta jira amsarsa.

"A'a, Baba. Allah ya huci zuciyarka. Kuskuren baki ne."

Aka sa hannu, aka shafa fatiha, aka raba goro.

Suka tare kafin damina. Inna ta zo da kajinta da tsohon turminta, ta zaɓi ɗakin da ke kallon rijiya. Kullum da safe sai ta share tsakar gida da kanta, ko an hana ta. Takan ce, "Ku bar ni. Daga gidan nan sai makabarta, in Allah ya yarda."

A gidan Zuwaira ta haihu, ɗa namiji. Ta fara mantawa da matan asibiti. Har takan ji kunyar kanta in ta tuna ta zargi dattijo.

Wata rana da hantsi, ana sati biyu da suna, Ja'afaru yana ofis, suka ji sallama. Wata mata ce, ramammiya, furfura ta cinye mata kai, da ƙullin kaya a hannu. Shigarta ta Inyamurai ce, amma Hausar bakinta kamar a tsakiyar Kaduna aka yanke mata cibiya.

"Sannunku da gida. A'a, ashe mai jego ce! Barka, 'yata. Allah ya raya."

Zuwaira ta shimfiɗa mata tabarma, ta ɗebo mata ruwa. Matar ta sha, ta lumshe ido.

"Har yanzu da sanyinsa. Mijina ne ya haƙa rijiyar nan." Ta ajiye kwanon. "Ni ce Maman Obi. Ku ne 'yan hayan da Alhaji Labaran ya sa?"

Inna ta karkato kunne. "Me ta ce?"

Zuwaira ta kasa maimaitawa. Maman Obi ce ta ɗaga murya ta sake faɗa.

"Haya?" in ji Inna. "Baiwar Allah, kin yi ɓatan kai. Nan gidan ɗana ne. Saya ya yi."

Maman Obi ta dubi Inna, ta dubi Zuwaira, ta dubi shuwakar da ke bayan madafi. Ba ta yi faɗa ba. Hannu ta ɗora a ka, hawaye suka zubo.

A nan ta ba su labari. Mijinta, Okoro, kafinta ne a reluwe, shi ya gina gidan ɗaki bayan ɗaki. Da rikici ya tashi suka gudu, ya damƙa wa Alhaji Labaran mukulli amana, ya riƙa karɓar haya har su dawo. Su shida suka bar Kaduna. Yaƙi da yunwa suka cinye mijin da 'ya'ya uku. Obi kaɗai ya rage mata, shi ma ƙafa ɗaya. Jinyarsa ce ta hana ta dawowa da wuri.

"Ba ni da komai a duniya sai gidan nan," in ji ta.

Inna ta ce, "Ni ma haka."

Sai a lokacin Ja'afaru ya ɗauki lauya nasa na kansa, wani Lauya Sambo. Ranar da ya dawo daga wurinsa, ko hula bai cire ba ya zauna a kan turmin Inna, kamar wanda aka zare wa laka.

"Sunan Okoro ne a ofishin filaye, Inna. Ba a taɓa canza shi ba. Lauya ya ce Baba Alhaji ba shi da abin sayarwa, don haka ni ma ban sayi komai ba. Ya ce ko kotu muka je, gida nata ne." Ya dubi ƙasa. "Ya ce da na zo tun farko, dubawar ba za ta ci wuni ɗaya ba."

"Shi wancan lauyan na Ingila fa?"

"Na je. Ya ce shi Alhaji ya yi wa aiki, abin da Alhaji ya faɗa masa shi ya rubuta. Ya ce ni ban ɗauke shi ba, balle ya kare ni."

"Labaran ɗin fa?"

"Kuka ya yi mini. Ya rantse ya ɗauka duk sun mutu. Kuɗin kuma ya sa su a babbar mota, motar ta faɗi a hanyar Zariya." Ja'afaru ya rufe fuska da tafin hannu. "Lauya ya ce in kai shi ƙara. Inna, mutumin da ya raɗa mini suna? In ma na kai shi, me za a samu?"

Zuwaira tana bakin ƙofa da jariri a kafaɗa. Duk tsawon maganar bai dubi inda take ba.

Maman Obi ta ce ba za ta fitar da mai jego da ɗanyen jiki ba, su zauna har a yi arba'in. Ita ta shimfiɗa tabarmarta a ƙaramin ɗaki. Da asuba takan riga kowa tashi ta hura wutar ruwan wanka. Ita da Inna sukan zauna a inuwa ɗaya suna tsince shinkafa, ba mai ce wa wata uffan a kan gidan.

Kwana arba'in kuwa ba su da nisa.

Ranar tashi aka fito da kaya tsakar gida. Ja'afaru da Zuwaira za su koma ɗaki ɗaya na haya. Inna za ta koma Rigachikun, ba gona, ta raɓa a gidan ƙaninta. An ɗaure ƙafafun kajinta an ajiye su kusa da turmi.

Hassana, yayar Ja'afaru, ta zo daga Zariya don ta raka Inna. Tun da ta shigo take huci.

"Ni dai na faɗa, wata macen farar ƙafa gare ta. Tun da aka kawo yarinyar nan me ya ƙaru? Ga gona ta tafi, ga gida ya tafi. Dube ta, sumumu-kasau, ko jaje ba ta iya yi wa mutane ba!"

Matan maƙwabta da suka zo sallama suka dubi juna. Zuwaira ta ji kalmar ta soke ta har ƙashi. Ta san irin wannan suna, in ya manne wa mace, har jikokinta sai sun ji shi.

Inna ta ɗaga hannu. "Bari, Hassana." Ta dubi rijiyar, ta girgiza kai. "Ni abin da ke ci mini rai ɗaya ne. Ashe duk cikinmu babu wanda Allah ya sa wa a baki ya ce a bincika? Ko mutum ɗaya?"

A nan ne Ja'afaru ya ɗago. Karo na farko tun zuwan Maman Obi, ya dubi matarsa ido cikin ido. Bai roƙe ta ba, bai hana ta ba. Jira kawai yake.

Maganar tana kan harshenta. Jimla ɗaya ce, ta wanke kanta a gaban Hassana da matan unguwa. Amma ta dubi tsohuwar da ta rasa gona ta rasa gida. Abin da ya rage mata shi ne ta ɗauka ɗanta ƙaddara ce ta faɗa masa, ba kunnen ƙashi ba. In ta ji an gargaɗe shi ya yi dariya, da wane ido za ta sake kallonsa? Shi kuma da wace fuska zai je gaishe ta?

Zuwaira ta durƙusa ta ɗauki ƙullin kayan Inna ta ɗora a ka.

"Inna, mu je. Kada mota ta cika."

Hassana ta ja tsaki. Ja'afaru ya matso, ya sa hannu biyu ya sauke ƙullin daga kan matarsa, ya ɗora a nasa kan, da rigarsa ta ofis da komai.

"Zuwaira..."

"Malam, rana tana yi."

Ta gyara goyonta ta bi bayansu. A bakin ƙofa Maman Obi ta riƙe hannunta, su biyun suna hawaye. Kafin su kai bakin titi Zuwaira ta riga ta yanke wa kanta hukunci. Ko mahaifiyarta ba za ta ji cewa ta taɓa gargaɗinsa ba. Ko yaron da ke bayanta, in ya girma ya tambayi yadda aka yi kakarsa ta rasa gona, ba zai ji daga bakinta ba.

Darasi: In za ka sayi gida, ɗauki lauyanka na kanka, kada ka jingina da na mai sayarwa ko da kyauta ne, kuma a duba sunan da ke kan gidan kafin kuɗi su bar hannunka. Tambayar takarda ba rashin kunya ba ce, ko a gaban wanda ya raɗa maka suna. Kada ka raina shawara don ka raina bakin da ta fito. Wanda ya karanta ya isar wa ɗan'uwansa, wataƙila akwai mai shirin sa hannu gobe.