Hular da Ta Tsage Biyu

An yi wani mai masana'anta da ya ajiye min takardar shaidar ingancin kaya a kan teburin gwaji, ya ce in sa hannu. Na ce ba zan sa ba.

Ya 'yan uwa, hular kwano muke ƙerawa, irin ta magina. Ana zuba wa robarta wani baƙin gari mai suna girafin. Daga baƙin da ke cikin fensir ake ɓare shi, sai ya yi sirantar da ido ba ya gani, amma ya fi ƙarfe ƙarfi. Shi ya sa hularmu ba nauyi, ba kauri. Aikina in sako mata dunƙulen ƙarfe daga sama, in rubuta abin da na gani.

Ɓare girafin yana cin lokaci, mutumin nan kuwa ba shi da haƙuri. Sai ya koma niƙa baƙin fensir ɗin kawai yana zubawa. Baƙi ne, baƙi ne, wa zai bambance? Ranar gwaji da hannunsa yake kawo min huluna uku masu kyau. Wata safiya na ƙi taɓa su, na shiga sito na zaro ɗaya daga ƙasan kwali. Ƙarfe na sauka ta tsage biyu.

Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, wannan digirin naki dafa shi za ki yi ki ci?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka sa ta a kanka in sako ƙarfen."

Kafin azahar an karɓe min makulli. Abokin aikina ya sa hannu, bai ɗago ya dube ni ba.

Wata bakwai bayan haka, bulo ya kuɓuce daga hawa na uku, ya sauka a kan wani magini mai 'ya'ya huɗu. Hularmu ce a kansa, ya ɗaure igiyarta yadda aka koya masa. Wa ya kashe shi, 'yan uwa? Bulo ne?

Aka rufe masana'antar. Aka gurfanar da mai ita, ɗansa na fari ya daina zuwa ganinsa. Mutumin da ake miƙe wa tsaye ya koma mai rufe fuska da hannun riga a ƙofar kotu.

Kada ku yaba min. Ranar da aka kore ni na fita kaina a sama, ina alfaharin hannuna bai taɓa ƙarya ba, na je gida na yi shiru. Rabin hular da na gwada tana cikin jakata duk watannin nan, ban kai wa kowa ba. Ranar da na ba da shaida, matar maginin ta tare ni a matakala ta ce, "Yaya, ashe kin sani?"

Mai ha'inci a sana'a da ran mutane yake wasa. Wanda ya gani ya wanke hannunsa kawai, shi ma bai gama fita ba.

Shekara uku ke nan ba masana'antar da ta ɗauke ni, ana cewa ina da taurin kai. Ina koyar da lissafi, mahaifiyata ta daina tambayata labarin ɗakin gwaji. Da za a sake ajiye min takardar, ba zan sa hannu ba, amma wannan karon zan buɗe baki.

Allah ya kiyaye mu daga ha'inci, ya kiyaye mu daga irin shirun da na yi.