Zauren Da Aka Hana A Sa Masa Ƙyaure

Akwai wani attajiri a Kaura Namoda ana ce masa Alhaji Maitama, mai manyan motocin ɗaukar kaya. Yana da wata magana da ba ta barin bakinsa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba: "Ni ban taɓa cin na kowa ba. Gonar ubana ta Banga ta rene ni."

Ku riƙe wannan magana, za mu dawo mata.

Kafin in ba ku labarin abin da ya aikata, sai kun san zauren da ya aikata shi a kai.

Tun zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa da auduga daga Kaura, samarin ƙauyukan Zurmi da Shinkafi suka riƙa kwararowa neman dako a tasha. Baƙi ne, ba dangi, ba wurin kwana. Wata rana ɗayansu ya faɗi ya mutu a gindin buhuna, gawarsa ta wuni a rana ana tambayar ko ɗan wane ne.

Abin ya ci ran 'yan uwansa 'yan dako. Suka haɗa kai suka kafa ƙungiya, suka sa mata suna Mu Rufa Wa Juna. Da hannunsu suka gina zaure mai faɗi a bayan tasha, suka ɗaga rumbu a gefensa, suka sa kafinta ya yi musu makara.

Dokokinsu ba su da yawa. Duk kaka kowa zai zuba abin da ya sawwaƙa a rumbu. Wanda ya mutu, ƙungiya ce danginsa: ita za ta yi masa sutura, ita za ta ciyar da matarsa da marayunsa. Zaure kuma ba a sa masa ƙyaure har abada, don baƙon da ya sauka kada ya tsaya neman mai mabuɗi.

Sai doka mafi nauyi. Wanda ya kai hatsi gidan mabukaci zai ajiye, ya yi sallama, ya juya. Ba ya jiran godiya, kuma ba ya faɗa wa kowa har ya shiga kabari. Wanda ya ci ne kaɗai ke da ikon buɗe baki, in ya ga dama.

Haka aka yi ta tafiya, jirgi ya daina zuwa, gyaɗa ta ja baya, ƙungiya tana nan. 'Ya'ya da jikoki suka gada.

To, da Maitama ya yi kuɗi, ya sauya wa zauren rufi da sabon kwano. Nan fa 'yan ƙungiya idonsu ya rufe. Ba su dubi hali ba, kwano suka duba, suka ɗauki shugabanci suka miƙa masa. Ni kam ba na wanke su. Wanda ya ba kura ajiyar nama, ba kura kaɗai ke da laifi ba.

Ana haka fitinar 'yan bindiga ta tsananta. Mutanen ƙauyuka suka fara shigowa Kaura da tabarmi da tukwane a ka, yadda kakanninsu suka shigo a da. Wanda ya san hanya, zauren nan yake nufa. Ya cika maƙil da mata da yara da tsofaffi.

Cikinsu akwai wata mata, Asiya, daga wani ƙauye a bayan Gurbin Bore. An kashe mijinta a gona. Ta iso da yara ƙanana, ga goyo mai tari.

Maitama ya zo ya tsaya a bakin zaure, ya toshe hanci da gefen babbar rigarsa. A lokacin ya sayi takin zamani mota guda, yana neman inda zai ɓoye shi har damina ta kankama farashi ya tashi. Ya dubi faɗin zauren, ya dubi kwanon da ba ya yoyo. Mutanen da ke ciki bai ma gan su ba.

Sai ya ce za a yi gyara. Kowa ya fita na ɗan lokaci, a yi siminti, a yi fenti, su dawo su ji daɗi. Bayin Allah suka kwashe tsummokaransu suna sa masa albarka.

Gyaran da aka yi ɗaya ne: ƙyauren ƙarfe, baƙi, mai kauri. A jikinsa mai walda ya rubuta da manyan baƙaƙe, ALH. MAITAMA MAI TIRELA, SHUGABA. Aka jibge taki a ciki, aka datse da kwaɗo.

Wasu suka watse cikin gari, kangon gini, rumfunan kasuwa. Asiya ba ta san kowa ba. Ta kafa buhuna da kara a jikin bangon zauren, dab da kwatar da ke wucewa ta gabansa. Ga hadari ya fara haɗuwa kullum da yamma.

Mai kula da rumbun ƙungiya wani tsoho ne, Malam Shu'aibu, wanda ya yi dako a tasha tun yana saurayi. Ya dogara sandarsa ya sami Maitama a garejinsa, cikin yaransa da 'yan fadanci.

"Alhaji, gyaran ga bai ƙare ba?"

"Baba Shu'aibu, gyara sai a hankali."

"To ƙyaure fa? Ka san iyayenmu sun hana."

Maitama ya yi dariya. "Iyayenmu sun ga irin wagga ƙazanta? Baba, zamani ya sake. Ƙungiya ta 'yan kasuwa ce yanzu, ba gidan bara ba. Kowa ya zo da ɗiya bakwai ya shimfiɗa tabarma, mu ke nan ciyarwa?"

"Akwai mai goyo na kwana bakin kwata, Alhaji. Ruwa na tahe."

"Ta koma garinsu."

"Garin da anka ƙone?"

"To ni na ƙone shi? Ni ma maraya na tashi, Baba, ka sani. Ka taɓa ganin uwata bakin zauren wani? Gonar ubana ta Banga ta rene ni. Mai zuciya ba ya cin na mutane."

'Yan fadanci suka ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Malam Shu'aibu ya buɗe baki. Ya daɗe yana kallon Maitama, sannan ya rufe bakin, ya ce, "Allah shi kyauta," ya juya. Suka bi shi da dariya, wai tsufa ya fara taɓa shi.

Asiya kuwa ta shiga bin gidaje neman surfe da wankau. Allah ya kai ta gidan Maitama, aka tura ta sashen mahaifiyarsa, Inna Gimbiya, tsohuwa mai ciwon ƙafa wadda ta yi shekaru ba ta leƙa waje ba.

Tsohuwa ta ji tarin goyon, ta ce, "Ke ɗiyata, wanga tari na sanyi ne. Ina kuke kwana?"

"Bayan tasha, Inna, jikin bangon zaure."

"Jikin bango? Mi ya hana ku shiga ciki?"

"An sa mishi ƙyaure, Inna."

Inna Gimbiya ta ajiye tasbahar da ke hannunta. "An sa wa mi ƙyaure?"

"Zauren, Inna. Na ƙarfe. An ce shugaba ya sa."

Asiya ba ta san gidan wa take ba. Tsohuwa ba ta gaya mata ba. Ta ce kawai, "Ɗauko min tabarmar can da buta. Kama ni mu tahi."

Ranar Juma'a ce. Da aka sauko daga masallaci, masu wucewa ta bayan tasha suka ga abin da ya tsayar da su: mahaifiyar Alhaji Maitama zaune a tabarma a bakin kwata, ta jingina da ƙyauren ƙarfe, goyon Asiya a cinyarta. Kafin ka ce me, wuri ya cika. Malam Shu'aibu ma ya iso.

Maitama ya zo a guje, ko motar bai kashe ba.

"Inna! Mi kike yi nan? Wa ya kawo ki? Tashi mu tahi gida, mutane na kallo."

"Su kalla. Gida na zo."

"Inna, don Allah, ki rufa min asiri."

"Shekara nawa ina rufa maka? Shi ne ya kawo mu nan."

Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Ranar ma ba ta kira ba. Ta ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Kai wanga, kullum kana faɗin gonar ubanka ta Banga. Kai ni in gan ta."

"Inna, ke kika ce an sayar tun ina yaro."

"Ni na ce, don kada ka tashi kana sunkuyar da kai cikin tsaranka. Ubanka Sirajo ɗan dako ne. Ya mutu bai bar ko inda za a shuka kuɓewa ba. Shekarar yunwa munka baro Katuru, kana bayana kana tari kamar ɗan ga. Nan munka sauka, cikin zauren ga, don ba shi da ƙyaure. Da ubanka ya cika, makarar da ke ciki ta ɗauke shi. Geron da ka ci har ka yi gemu, daga rumbun can ya fito."



Ta nuna Malam Shu'aibu da sandarta. "Ga wanda ke ɗauko shi a ka. Shi aje, shi yi sallama, shi juya. Ban taɓa samun yi mishi godiya ba. Shi doka ta ɗaure mishi baki. Ni na ci, ni ke da ikon faɗi, kuma na faɗa."

Wani daga cikin taron ya ce, "Malam Shu'aibu, haka ne?"

Tsoho ya dubi ƙasa ya ce, "Ni ban san komi ba."

Ko a nan bai karya doka ba. Ku gwada halinsa da na Maitama.

Kuna tsammani Maitama ya fashe da kuka ya nemi gafara? Ina! Abin da ya fito bakinsa shi ne, "Inna, da kin bari mun je gida kin faɗa min. Yanzu wa zai ƙara ganin girmana?"

Ga mace da goyo a bakin kwata, ga uwarsa ta tona cikinta a gaban duniya, shi girmansa yake nema. Tir.

"Kawo mabuɗi," in ji tsohuwa. "In babu wurin wagga yarinya a ciki, ni ma nan zan kwana. Ruwan da zai dake ta shi dake ni."

Hadari ya riga ya yi baƙi a gabas. Ya duba sama, ya duba jama'a, ya zaro mabuɗi ya jefar a ƙasa. Ko miƙawa bai iya yi ba.

Da aka buɗe, sai salati ya tashi. Buhunan taki har rufi. Kuma don kada danshin ƙasa ya taɓa masa kaya, ya kwantar da makarar ƙungiya ya jera buhuna a kanta. Makarar da ta kai ubansa kabari, ita ya mayar abin ɗora haja.

Ba wanda ya jira umarni. Matasa suka yi ta fito da buhuna suna jibge masa a gefen hanya, ya san yadda zai yi da su kafin ruwa ya sauko. Mata suka share zaure. Aka wanke makara aka jingine ta inda take tun da. Asiya da yaranta suka shiga, ɗigon farko na sauka a kan kwano. Kafin magariba waɗanda suka watse cikin gari sun fara dawowa da tabarminsu.

A wannan zaman, a tsaye, 'yan ƙungiya suka sauke Maitama. Wasunsu ma kunya ta hana su haɗa ido da tsohuwa, don sun san su ma shiru suka yi lokacin da aka sa ƙyauren.

Saura ƙyaure. Aka kira mai walda ya cire shi. Aka aika wa Maitama ya zo ya ɗauki abinsa, girman kai ya hana shi aikowa.

Inna Gimbiya ta ce, "Kada a yar. Yara na faɗawa kwatar ga in an yi ruwa. Ku shimfiɗa shi a kai."

Aka shimfiɗa shi ya zama gada, rubutun yana sama. Duk baƙon da ya sauka da tabarma a ka, ta kan ALH. MAITAMA MAI TIRELA, SHUGABA yake takawa ya shiga zaure. Ƙafafu sun goge fentin, amma walda ba ta gogewa.

Da kaka ta zo, Asiya ta kawo ɗan geron da ta tara daga surfe, a ƙullin zane, ta zuba a rumbu. Malam Shu'aibu ya kawar da kai kamar bai gani ba.

Darasi: Kafin ka ce ba ka taɓa cin na kowa ba, je ka tambayi uwarka. Da yawanmu rufin asirin wasu ne ya rene mu, shirunsu ne ya sa muke zaton ƙoƙarinmu ne. Ƙofar da ka samu a buɗe ranar da kake goye, kada ka rufe ta ranar da ka yi ƙiba. Ku kuma masu ƙungiyoyin zumunta, ku daina ba mutum shugabanci don ya saya muku kwano. Ku tura wannan ga 'yan ƙungiyarku, musamman wanda mabuɗi ke hannunsa.