Ranar da Manoman Rawayya Suka Guje wa Layi

Akwai wani manomi a Rawayya, ƙasar Bungudu, ana ce masa Sahabi. Shekara tara yana noma gonar da Alhaji Halliru ya ba shi aro, kuma da geron gonar nan yake ciyar da mutum bakwai a gidansa.

Alhaji Halliru shi ne shugaban ƙungiyar manoman garin. Mutumin kirki ne, ba wanda zai ce ya taɓa cin masa ko ƙwaya. Sai dai girma ya kama shi, zirga-zirgar Gusau neman takin ƙungiya ta fara fin ƙarfinsa. Damina biyu a jere taki bai iso ba sai da gero ya fara fitar da kai.

Da wa'adinsa ya cika, wani malamin makaranta mai ritaya, Malam Attahiru, ya fito takara da shi. Zaɓen ƙungiyar kuwa ƙato bayan ƙato ake yi: ɗan takara ya tsaya, masu son sa su jeru a bayansa, kowa na kallon kowa.

Nan fa Sahabi ya shiga uku. Zuciyarsa na wurin Attahiru, gonarsa na hannun Alhaji. In ya tsaya a wancan layin, Alhaji ya ce a ba shi gonarsa, ina zai nufa da iyali?

Matarsa Suwaiba ta ce ya je ya tsaya inda ransa ya kwanta, ai Alhaji ba mugu ba ne. Ya ce mata ba ta san maza da mulki ba. Ranar zaɓe ya yi sammako ya nufi Gusau, ya bar sallahu wai ya tafi Damba duba yayarsa mara lafiya. Yayar kuwa lafiyarta ƙalau.

Yana sauka a tasha sai ga maƙwabcinsa Mannir kan bencin mai shayi, shi wai ta'aziyya zai je Tsafe. Ba su gama gaisawa ba wani ya sauko daga babur, can kuma ga wani. Kafin hantsi sun kai su goma sha ɗaya, duk masu noma gonakin Alhaji, kowa da majinyacinsa ko mamacinsa. Aka rasa mai iya duban idon wani.

Da yamma Sahabi ya koma gida ya tarar ba a yi zaɓen ba. Kundin tsarin ƙungiyar ya ce sai ashirin cikin mambobi talatin sun halarta, sha tara kawai suka zo. Abin da ya fi tayar masa da hankali, an ce Alhaji ya karɓi sunayen waɗanda ba su zo ba.

Washegari Alhaji ya aika a kira su. Sahabi ya tafi, a ransa ya riga ya sallama gonar.

Alhaji ya tambaye shi jikin yayarsa, ya yi wa Mannir ta'aziyya har da addu'a. Kowa ya sunkuyar da kai. Sannan Alhaji ya ce, "Na duba sunayenku, duk masu noma gonakina ne. Ashe tsorona kuke ji. Ni gona na ba ku aro, ban sayi bakinku ba. Wanga abu ya ba ni kunya ƙwarai."

A taron da ya biyo baya, shi da kansa ya nemi a gyara kundin a daina layi, mambobi suka amince. Aka kafa zana, aka ajiye tulu a bayanta. Mai son Alhaji ya jefa ƙwayar masara, mai son Attahiru ya jefa wake. Sahabi ya shiga shi kaɗai, ya jefa wakensa, ya fito.

Da aka juye tulun, wake sha takwas, masara sha biyu. Alhaji ne ya fara miƙa wa Attahiru hannu.

Duk da haka hankalin Sahabi bai kwanta ba, don magana a gaban jama'a daban, faɗuwa zaɓe daban. Ruwan shuka ya sauka, ya fita da irinsa, sai ga Alhaji tsaye a bakin gonar. Sahabi ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, ni dai abin da na jefa ran nan..."

Alhaji ya ɗaga hannu. "Kada ka faɗa mini, ba ni son sani. Tashi ka yi shukarka, ƙasa na bushewa."

Sahabi ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, sai da ƙwalla ta cika masa ido. Ya miƙe ya shiga gonar ya fara shuka.

Darasi: Gudun zaɓe ba ya raba ka da matsala, tsayar da al'amuran kowa yake yi. Idan kuma Allah ya sa abincin wani a hannunka, kada ka haɗa da ƙuri'arsa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu riƙe da ragamar jama'a.